Waƙar Raben Baya

Mero tana tsakar gida tana baza masara a kan tamfol, ido ɗaya a masarar ɗaya a hadarin da ke haɗuwa gabas, sai ta ji sallama a zaure. Muryar ba ta ɓuya mata ba. Duk wanda ya tashi a Ƙarfi ya san muryar Mudi, don shekara arba'in ke nan yana tsaye bayan Alhaji Bature mai gangar noma yana amsa masa waƙa.

Ta zura hijabi ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu Mudi, lafiya da hantsin nan?"

"Lafiyar ke nan dai, Mero. Daga asibitin Malumfashi nake. Jikin Alhaji ya yi tsanani. Tun jiya ya lissafa gidajen da yake so a je a roƙa masa gafara, kin san yadda ake yi in mutum ya ji jikinsa. Mun zaga, kowa ya ce ya yafe." Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Saura mutum ɗaya."

Mero ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta san babanta ake nufi.

"Ai kun san hanyar Gozaki, Kawu."

"Da wane bakin? Ni ne fa nake amsa waƙar. Babanki in ya gan ni ko ruwa ba zai ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ke ce 'yarsa. Likita ya ce ba lallai a kai gobe ba. Ki taimaka ki samo mana kalma ɗaya daga bakin Rabe."

Abin ya samo asali ne tun Mero tana 'yar shekara bakwai. An yi gayya a gonar wani maƙwabcinsu, matasan gari suka jeru kowa da hauyarsa, kowa ya kama kuyyarsa, ganga na tashi a bayansu. A al'adar gayya, wanda ya fara kai ƙarshen gona shi makaɗi zai wasa, wanda aka bari a baya kuwa ya sha zambo, a yi dariya a watse. A ranar babanta Rabe aka bari a baya, nesa ma ba kusa ba. Babu wanda ya san kurkunu ne ya kumbura masa ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya saki wando a kai. Nan take Bature ya juya ganga ya ƙaga waƙa:

Rabe na baya, Raben baya,
Kuyya ɗaya ta kai shi la'asar.
A ba Ummu hauya, a ba Rabe muciya.

Zambon gayya a gona yake mutuwa. Wannan bai mutu ba. Kiɗan ya yi daɗi fiye da kima, sai ya bi Bature duk gonar da ya je, daga nan ya shiga kaset, ya shiga gidajen biki. Ummu, mahaifiyar Mero, ta daina zuwa suna da biki, don da ta shiga sai wata ta miƙo mata hauya ana shewa. Bayan damina biyu Rabe ya kwashe iyalinsa ya koma Gozaki. A can Ummu ta rasu, ba ta sake taka garinsu ba. Mero kuwa aure ya dawo da ita Ƙarfi, kuma har yau akwai tsofaffin da in za su yi kwatancenta sai su ce 'yar Raben Baya.

Da wannan ne kaɗai tsakaninta da Bature, da ta ce wa Mudi ya gaida gida. To amma shekara huɗu da suka wuce mijinta Lawal ya rasu ana tsakiyar damina, ya bar ta da yara huɗu da gonar masara da ciyawa ta shanye. Ba ta roƙi kowa ba. Wata safiya sai ta ji ganga a bayan gari. Bature ne, da tsufansa, ya tara matasa talatin da wani abu, kafin azahar sun nome gonar tas. Ko kunun da ta dama bai tsaya sha ba. Haka yake yi wa duk matar da ta rasa miji a garin, tun kafin a haifi Mero.

Ta shiga gida ta fito, ta sake shiga. Ta ɗauki jaka ta ajiye. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Ebele mai shagon kayan miya.

"Maman Chinonso, don Allah in ruwa ya sauko ki rufe mini masara."

"Ina za ki haka kamar an koro ki?"

"Gozaki."

Ebele, wadda a garin aka haife ta, ta dube ta ta dubi Mudi da ke tsaye ƙofar gida, ta gane. "Je ki. Masara ba ta da ƙafa."

Motar Malumfashi ta cika maƙil, har da buhunan waken suya a baya. Labarin ciwon Bature ya riga Mero shiga motar. Wani dattijo mai jan haƙori da ke gaba yana cewa, "Irin su ba a sake yi. Wa ya haƙa tafkin da muke noman rani da shi? Gwamnati? Ganga ce ta haƙa shi. Kwana goma sha tara yana kiɗa muna haƙa, har hannunsa ya fashe."

Wata mata da ke gefen Mero ta ja tsaki. "Ku maza ku yi ta yabo. Mata tara ya aura, wacce ta kai shekara biyar a gidan? Ƙanwar uwata ce ta shida. A kan gishiri ya yi yawa a miya ya sallame ta."

"To Hajiya, miyar muke magana ko tafki?"

"Mutumin muke magana. Ko mutum biyu ne?"

"Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba," in ji dattijon. "Ke dai ki bar shi da Allahnsa."

Direba ya ce bari ya raba gardama, ya danna rediyon mota. Ganga ta tashi, irin bugun nan da ke sa mutum ya ji kamar ya sauka ya kama aiki. Mero ta san wacce ce tun kafin murya ta fito. Dattijon ya fara kaɗa kai, matar da ke zagin Bature ma ta shiga amsawa ƙasa-ƙasa, a ba Rabe muciya. Babu wanda ya san ta a motar. Ta manna goshinta a jikin kujerar gaba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da ta duba sai ta ga babban yatsan ƙafarta yana bin kiɗan. Ta danne shi da ɗaya ƙafar.

A Malumfashi ta sauka ta tsaya a bakin titi, hanyar asibiti na hannun dama, masu mashin na Gozaki na hagu. Ta yi tunanin ta shiga asibitin kawai ta ce Baba ya ce ya yafe. Wa zai sani? Mutum ya mutu da sanyin zuciya, tsoho kuma a bar shi da nomansa. Har ta yi taku uku, sai ta tuna gafara ba kayanta ba ce balle ta bayar da ita a madadin wani. Ta juya ta hau mashin.

Ba ta sami babanta a gida ba, dama ba ta sa ran samunsa ba. Yana gona yana karyar masara shi kaɗai. A Gozaki an san Malam Rabe da abu biyu: ya riga kowa fita gona ya bi bayan kowa dawowa, kuma ba ya zuwa duk inda ake kiɗa.

Ta gaishe shi. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta da babu tsaraba.

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Baba. Alhaji Bature ne ba lafiya, yana asibiti. Yana neman ka yafe masa."

Ya karya masara ya jefa a buhu. Ya karya wata.

"Shi ya faɗa miki?"

"Kawu Mudi ya aiko."

"Har yanzu da ɗan amshi yake magana ke nan."

Ya ci gaba da aikinsa, tana bin sa a baya daga kara zuwa kara, ganyen masara na yankar mata hannu. Sama ta yi duhu, iska ta fara kaɗawa. 

"Baba, ka san shi ya nome mini gona shekarar da Lawal ya rasu."

"Na sani. Ai kin aiko mini da masarar, na ci."

"Da bai yi ba, ban san inda zan sa yaran nan ba."

"Na ce na sani, Mero." Ya tsaya, ya miƙe bayansa da ƙyar. "Kina tsammanin ban san Bature ba? Tare aka yi mana kaciya. Duk ƙasar nan babu hannu irin nasa. In yana kiɗa, hauya ba ta da nauyi. Ranar gayyar nan da kike ji, uwarki ta ce in kwanta, ƙafa ta kumbura kamar tulu. Na kwanta. Sai na jiyo gangarsa daga ɗaki. Da wani ne makaɗin, wallahi da ban fita ba."

Mero ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tsaya riƙe da bakin buhu.

"Da yamma wan Bature ya zo duba ni, ya ga ƙafar da idonsa. Na ce to, gobe Bature zai ji, magana ta mutu. Sati bai zagayo ba na ji ta a gonar wasu." Ya tofar da yawu. "Alherin da ya yi miki naki ne, ki riƙe. Ba a biyan Rabe da gonar Mero."

"To me zan ce musu?"

Ya ɗaure bakin buhun, ya jingine shi a gindin wata ɗorawa, ya karkaɗe rigarsa. Ya nufi hanya yana ɗingishin da ya saba. Sai da ya yi nisa ya waiwayo.

"Tsayuwar me kike? Ba cewa na yi na yafe ba. Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba ɗan aike zan yi wa ba."

Ruwa ya kama su a hanya. Mashin biyu suka hau, nata a baya, duk kwanar da aka sha sai ta leƙa ta ga ko tsohon yana nan, don ta san halinsa, yana iya cewa a juya. Sau biyu mai mashin ɗinta ya ce su fake, ta ce a'a. Suka isa asibiti bayan la'asar, jiƙe sharkaf.

Ɗakin maza ya cika da 'yan dubiya, manoma ne yawancinsu, wasu a tsaye wasu a tsugune jikin bango. Da Rabe ya shiga, tsofaffin cikinsu suka gane shi, surutu ya ɗauke. Mudi ya miƙe daga bakin gado ya rasa inda zai sa idonsa.

Mero ta daɗe ba ta ga Bature kusa ba. Mutumin da muryarsa ke tsallake gona uku ya zama ɗan kaɗan a cikin zanen gado. Hannayen ne kawai ba su canja ba, manya, duk kanta.

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallo.

"Rabe. Ka tsufa."

"Kai kuma ka ga yaro."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Rabe bai zauna ba, ko da aka turo masa kujera.

"Bature, wanka ya gaya maka halin da ƙafata take ciki, ko bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini. A ranar."

"To don me?"

Bature ya lumshe ido har Mero ta zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, a hankali, "Duk gonar da na je waƙar nan ake tambaya. Na yi waƙa ta fi ɗari, Rabe, babu wadda ta kai ta. In na ce yau ba zan yi ba, sai in ga fuskokin mutane sun canja. Na ji tsoron in bar ta su bar ni." Ya ja numfashi. "Kuma ko kai ka san kiɗan ya yi daɗi."

"Alhaji!" in ji Mudi.

Ran Mero ya ɓaci. Mutum yana bakin kabari, yana roƙo, amma bai fasa yabon kansa ba. Ta dubi babanta tana jiran ya juya ya fita. Da ya fita, da ta bi shi ba tare da ta waiwaya ba.

Rabe ya gyaɗa kai. "Ya yi daɗi. Shi ya sa ya kashe ni." Ya nuna mutanen da ke ɗakin da haɓa. "A gaban jama'a ka yi mini, ba a kunne ba. Abin da ka gaya mini yanzu, su ma su ji."

Bature ya yunƙura zai ɗaga murya, tari ya sarƙe shi. Aka ba shi ruwa. Ya sake gwadawa, abin da ya fito ko na bakin gado bai ji sosai ba. Sai ya ɗaga yatsa ya yafito Mudi. Mudi ya sunkuya ya kara kunne, ya ɗago, ya fuskanci mutane.

"Ya ce Rabe ba rago ba ne."

Ya sake sunkuyawa.

"Ya ce da kurkunu a ƙafa ya fito gayyar nan, wanda a cikinku babu mai iyawa. Ya ce ya sani tun ranar, ya ci gaba don son a yabe shi." Mudi ya tsaya, bai sunkuya ba wannan karon. "Ni ma na sani. Wannan nawa ne, ba shi ya ce ba."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Wani tsoho a jikin bango ya ce, "La'ilaha illallahu. Mu ma mun yi rawa da ita."

Bature ya sake motsa baki. Mudi ya saurara, ya ce, "Ya ce duk mai ita a waya ko a mota, don Allah ya goge."

"Wannan kuma ba za su goge ba," in ji Rabe. "Kai ma ka sani." Sai a lokacin ya jawo kujerar ya zauna. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi na Bature. "Shekara ashirin da takwas ina tashi kafin kowa don kada a ce gaskiya ka faɗa. Na gaji, Bature. Na yafe maka, duniya da lahira."

Aka ɗauki salati da hamdala. Wasu suka matso suna miƙa wa Rabe hannu, har da waɗanda Mero ta san da bakinsu aka yi ta yaɗa sunan. Ita dai tana tsaye a ƙarshen gado, hijabinta na ɗigar ruwa, tana jin aikinta ya ƙare, tana neman hanyar da za ta zame ta fita.

"'Yar Rabe."

Bature ne. Idonsa na kanta. Mutane suka buɗa.

"Ke fa? Kin sha sunan ke ma."

Mero ba ta saba magana a gaban maza ba, balle cikin taro irin wannan. Ta sunkuyar da kai ta ce abin da kowa ke cewa. "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji."

"Amin. Amma ba shi na tambaye ki ba."

Ta ji duk idanun ɗakin a kanta. Ta tuna safiyar da ta ji ganga a bayan gari, ta fito da gudu ba takalmi, ta ga ciyawa na faɗuwa a gonarta. Ta tuna kuma Innarta zaune a ɗaki ranar bikin ƙanwar Innar ta ciki ɗaya, ta yi kwalliya tsaf ta kasa fita. Ta auna wannan ta auna wancan, babu wanda ya ɗaga wani. Babanta bai dube ta ba.

"Nawa na yafe, Alhaji," ta ce. "Kuma na gode da gona, ban taɓa samun faɗa maka ba." Ta ɗago kai. "Amma na Inna ba nawa ba ne. Ba zan ce ta yafe ba, ban ji daga bakinta ba. Ta tafi da abinta."

Wani ya ce, "Haba, yarinya," wani ya ce masa ya yi shiru.

Bature ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa, Mudi ya sa bakin riga ya goge.

"Gaskiya ne," in ji Bature. "Wannan sai na je na same ta."

Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce lokacin dubiya ya wuce, a rage. Mutane suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Mero ta matsa kusa da babanta ta ce masa a hankali su tafi kafin masu mashin su tashi.

"Je ki gida wajen yaranki," in ji Rabe. Ya gyara zama a kujerar, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. "Ni zan ɗan zauna da shi."